Kwanciyar Kawu Idi a Lambun Ruhubanawa

Kun sha jin ana cewa ubanku ya taɓa shiga kanisa. Wasunku a bakin 'ya'yan Yaya Usmanu suka ji, wasunku a bakin matan unguwa lokacin da muke zaune a Mansur nan Makka, kuma har yau babu wanda ya tare ni ido da ido ya tambaye ni. To gaskiya ne, na shiga. Na sha ruwansu, na zauna a inuwarsu, har na shimfiɗa tabarma cikin katangarsu. Sana'ar sarin carbi da darduma ta kai ni Istanbul da Bombay da Jakarta, na kwana a tashoshin da ban san harshen mutanensu ba, jirgin ruwa ya taɓa lalace mana a tsakiyar teku, amma ban taɓa jin tsoro irin na wunin da na yi a kanisar nan ba. Ina so ku san abin da ya kai ni tun da sauran numfashina.

Kakarku, Inna Hauwa, ba a Makka aka haife ta ba. Tana yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, da niyyar Hajji. Suka yi shekaru a hanya, su yi noman ƙwadago a nan, su tsinci auduga a can, har suka ratsa Sudan suka hau duwatsun Eritiriya. Tana da ƙane guda, Idi, wanda a hanya ya koyi tafiya. Da suka isa garin Keren sai agana ta kama shi. Ayari ba ya jiran mai agana, jirgin da ke tsallakar da mutane daga Masawwa kuma ba ya ɗaukarsa. A gefen garin akwai wata kanisa da Taliyan suka gina, haɗe da gidan ruhubanawa, wato mazajen da suka bar aure da dukiya suka tare wuri ɗaya don bautarsu. Su kaɗai ke karɓar masu irin wannan ciwo. Kakanmu ya saɓi Idi ya kai shi ƙofarsu, da niyyar a dawo a ɗauke shi bayan an sauke farali. Inna ce aka bari ta lallashe shi, domin ita kaɗai yake jin maganarta. Kakanmu bai ga Muharram na shekarar ba, a Mina zazzaɓi ya ɗauke shi. Matarsa da 'yarsa suka maƙale a unguwar Nakkasa a Makka suna sayar da ƙosai da kunu a bakin hanya. Daga baya yaƙi ya rufe ƙasar Eritiriya shekara da shekaru. Ba wanda ya koma.

Mun taso mun san sunan Kawu Idi kamar yadda ake sanin ramin da ke tsakar gida, kowa na kewaye shi. Sai wata shekara, Inna ta riga ta tsufa har ana tura ta a keke, wani alhaji daga cikin Takarir ɗin Eritiriya, wato jikokin mutanenmu da suka zauna a can, ya zo shagona sayen tsaraba. Hira ta kai mu har na gayyace shi cin tuwo a gida. Inna ta sa aka ɗaga labule ta tambaye shi. Ya ce shi ba mutumin Keren ba ne, amma ya ji ana labarin wani tsoho Batakure mai zanen agana a fuska, wanda ya ƙare rayuwarsa a gidan ruhubanawa, kuma bara ya rasu.

"A ina aka binne shi?" in ji Inna.

"Cikin katangarsu, Hajiya, haka na ji."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dai daina cin abinci sai an yi da gaske. Da rana tsaka za ka ji ta tana magana ita kaɗai, tana cewa yaron da ko Fatiha bai gama haddacewa ba, me zai ce wa masu tambaya a kabari? Ta ce sai ɗayanmu ya je ya gani da idonsa. Yaya Usmanu, wanda ya samu takardun ƙasa da aikin ofis, Larabci kuma ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, ya tashi tsaye a tsakar ɗaki.

"Halas, ya ummi, wanda ya mutu ya mutu. Ki yi masa addu'a daga nan, ga Harami a ƙofarki."

"In yi addu'a ga wa? Ga Idi, ko ga wani mai sunan Nasara da ban sani ba?"

"To in aka je aka tarar da abin da kike tsoro fa? Gobe duk Mansur ta ɗauka cewa kawunmu Nasara ne. Ina da 'ya'ya mata, wa zai zo neman aurensu?"

"Kai da 'ya'yanka kake ji. Ni da ɗan uwana nake ji." Sai ta juyo gare ni. "Auta, kai da ba ka da aiki sai hawa jirgi, ka iya yaren kowa, ba za ka iya wannan ba?"

Na ce zan je. Yaya Usmanu ya ɗauki mukullin motarsa ya ce in na taka ƙofar kanisa kada in taka tasa.

Kafin in tafi ta sa na tura ta Harami bayan la'asar. Muna fuskantar Ka'aba ta kama hannuna ta ce in rantse cewa abin da na gani shi zan faɗa mata, ba ƙari ba ragi, ko da zai kashe ta. Na rantse. Sannan ta ba ni ma'aunin da zan auna da shi.

"Kada ka saurari bakinsu, baki yana faɗin abin da baƙo ke so. Kada ka dubi gicciye, itace ne, ana kafawa ana cirewa. Kwanciya za ka duba. Babana ya nuna mini a hanya, a garuruwan da Turawa suka binne nasu kusa da namu. Kabarinmu da nasu ba sa bin layi ɗaya, namu gittawa yake yi. In ka ga Idi ya gitta su, namu ne. In ka ga ya bi layinsu, to sun ɗauke shi."

Wannan rantsuwa ita ce ta zauna mini a ƙirji tun daga Jidda har Asmara. A cikin motar da ta gangara da mu Keren, hanya na murɗawa a gefen kwazazzabo, sauran fasinja na salati saboda tsoron faɗawa, ni kuwa har na ji a raina cewa in motar ta ƙi isa ba zan yi baƙin ciki ba. Da ban rantse ba, da na san abin da zan yi: in dawo in ce mata na ga kabari ya gitta, ta mutu da kwanciyar hankali. Amma a gaban Ɗakin Allah na ba da hannuna. Ba ni da inda zan ɓuya.

Kanisar na gindin wani dutse, da jan bulo aka yi ta, da doguwar hasumiyar ƙararrawa. Na ga manyan da suka fi ta a wasu ƙasashe, na wuce ta gabansu ina cin gyaɗa. A Istanbul ma na yi salla a masallacin da aka ce asalinsa kanisa ne, ban ji komai ba. Amma wannan ƙofar ita ce wadda aka ajiye ɗan uwan uwata a bakinta. Na daɗe a tsallaken titi wajen wata mai gasa kofi, ina sha ina ƙarawa. Da na ga rana na neman raba tsaka sai na karanta Ayatul Kursiyyu na tsallaka. Ƙofar gidan ruhubanawan a rufe take, wata mata mai shara ta nuna mini cewa sai dai in bi ta cikin kanisar. Na tsaya ina tunanin da wace ƙafa ake shiga irin wannan wuri. Na shiga da hagu.

Ciki da duhu da sanyi kamar rijiya. Ƙamshin turaren lubban ya fara tarbata, irin wanda muke sayarwa a Mansur, abin ya ƙara rikita ni, domin hancina ya ce gida nake, idona ya ce a'a. Ni da na taso inda bango ba ya ɗauke da komai sai rubutu, ga ni tsakanin mutum-mutumi masu tsawon mutane, da idanun gilas da ke bin ka duk inda ka juya. Akwai wani a kwance cikin akwatin gilas, an zana masa jini a haƙarƙari, sai da na matsa na tabbatar itace ne. Takalmina na ƙara a kan dutse, ƙarar na dawo mini daga sama. Na riƙa kallon ƙasa ina sauri, ina ta maimaita kalmar shahada, ina tunanin yaro ƙarami da ƙuraje a jiki da ya buɗe ido ya ga waɗannan fuskoki a kansa, babu uwa babu yaya. Me zai hana shi zama nasu?

A ƙofar baya na ci karo da wani tsoho baƙar fata, siriri, cikin doguwar riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu. Ya ce sunansa Abba Yosef. Na gwada shi da Turanci ya girgiza kai, na koma Larabci sai fuskarsa ta saki. Na ce daga Makka nake, ina neman kabarin wani Batakure mai zanen agana. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Idris mai ƙararrawa kake nufi."

"Mai me?"

"Shi ke kaɗa mana ƙararrawa kowace safiya tun kafin in zo gidan nan. Shi ne kuma mai lambu. Goshinku iri ɗaya. Me kake a gare shi?"

Na ce ɗan yayarsa ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kiran Nasara zuwa bautarsu, wace tambaya ce ta rage? Duk da haka na daure na tambaya ko an yi masa wankan nan da suke yi wa mai shiga addininsu. Abba Yosef ya ce shi ya tarar da Idris da gemunsa, Taliyan ɗin da suka raine shi duk sun mutu, kuma shi bai taɓa tambayarsa ba. Zai ƙara wata magana na katse shi, domin na tuna gargaɗin Inna a kan baki. Na ce kabarin kawai nake so in gani.

Muka ratsa wani dogon soro mai ƙananan ɗakuna a jere, kowanne da gado ɗaya da ƙusa ɗaya a bango, muka fita cikin lambu. Itatuwan lemo ne da gwaiba, an yi musu kwalbatin ruwa da duwatsu, aikin mai haƙuri. A ƙarshen lambun maƙabartar take. Sahun farko na ruhubanawa ne, kowane kabari da gicciyen ƙarfe a gefen yamma. Bayansu akwai sahun ma'aikatan gidan, waɗanda gara ta cinye musu nasu na itace, sai tudun ƙasa kawai. A ƙarshen wannan sahu, da 'yar tazara, ƙarƙashin wani lemo, Abba Yosef ya tsaya ya nuna da haɓa.

Na duba. Na koma baya na sake dubawa. Na zagaya ta ɗaya gefen ko idona ne ya yaudare ni. Kabarin Kawu Idi ya bi layinsu sak, gabas da yamma, kamar da igiya aka auna.

Na zauna a bakin kwalbati. Ba Kawu Idi nake gani ba a lokacin, fuskar Inna nake gani idan na buɗe baki. Na fara jera kalmomin da zan faɗa mata, kowacce na ɗauka sai in ji ta yi nauyin da tsohuwa ba za ta iya ɗauka ba. Na ga Yaya Usmanu tsaye yana cewa ai ya faɗa. Har na yi tunanin in ƙi komawa Makka sai bayan ta rasu, in fake da sari a wata ƙasa. Abba Yosef ya kawo mini ruwa a kofin ƙarfe, na sha ban ko yi tunanin na wane ne ba. Muna nan sai kiran azahar ya taso daga cikin gari, ya tsallako katanga.

"Lokacinku ya yi," in ji shi. "Bari in ɗauko maka tabarma."

Na yi alwala a bakin rijiyar lambun. Ku da aka haifa a Makka kun san halinmu, ba ma tunanin gabas ko arewa, inda Harami yake nan muke juyawa. A tafiye-tafiyena kuma kibiyar da ake mannawa a rufin ɗakin otal nake bi. Sai na tambaye shi ina alƙibla. Ya karɓi tabarmar ya shimfiɗa ta da kansa, ta fuskanci wani dutse mai tsini da ke arewa da gari. Na leƙa ta kan katanga na hango masallacin unguwa, na ga kusurwar limaminsa ta nufi dutsen nan. Na hau tabarma na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai na ga kabarin Kawu Idi a gabana. Ba a salla ana fuskantar kabari, don haka na sunkuya zan ja tabarmar gefe. A sunkuyen nan na tsaya.

A gicciye yake a gabana. Duk wanda ya girma a Makka ya yi sallar gawa fiye da yadda zai iya tunawa, kusan bayan kowace farilla ana kiranta. Na san yadda mamaci ke kwanciya a gaban liman kamar yadda na san tafin hannuna, kuma haka wannan kabari ya kwanta. Ma'aunin Inna na ƙasashen da ke yamma da Makka ne, inda ake fuskantar fitowar rana. Nan kuwa kudu muke da Ɗaki, teku ce kawai a tsakani. A wannan gari kabarin Musulmi dole ya bi gabas da yamma, layi ɗaya da na Nasara. Abu guda ya rage. Na miƙe.

"Abba, ina kansa yake?"

Ya taka ya tsaya a gefen gabas, wajen hannuna na dama, inda wani farin dutse ke nutse cikin ganyen lemo.

"Nan. Namu kansu na can," ya nuna gicciyen ƙarfen da ke yamma. "Shi ya juya mana ƙafa. Da ciwo ya kama shi, ya fito da sandarsa ya ja layi a ƙasa, ya ce kansa nan, fuskarsa ga dutsen can, a kan hannun dama. Ya ce mu kira Takarir na cikin gari su wanke shi, kada mu taɓa. Limaminsu ya so ya tafi da shi maƙabartarsu, muka gaya masa wasiyyar, ya yi ta faɗa, daga baya ya yarda aka bar tazarar nan. Abin da zan gaya maka ke nan ɗazu ka hana ni."

Na tambaye shi me ya sa ya ƙi a kai shi cikin 'yan uwansa Musulmi. Tsohon ya murza igiyar ƙugunsa.

"Ko Asmara bai taɓa yarda ya je ba. In muka tsokane shi muka ce Idris, tsufa ya zo ba ka ga teku ba, sai ya ce an ce masa ya jira a nan."

Na ja tabarmata can gindin gwaiba na yi azahar. Ban san abin da na karanta ba.

Da na dawo Makka ban biya shago ba, da jakata na shiga ɗakin Inna. Na tarar ta rame har zoben hannunta na zamewa. Ta kori jikoki, ta ce in rufe ƙofa.

"Ya gitta su?"

"Bai gitta ba, Inna."

Ta rufe ido. Na yi maza na ɗauki carbinta na shimfiɗa a kan darduma, na ajiye kofin shayi a matsayin Ka'aba, na nuna mata inda Haɗeja take da inda Keren take, da yadda mai kwanciya a kowanne zai juya. Na gaya mata farin dutsen, da layin da ya ja da sandarsa, da Takarir da suka wanke shi. Na gaya mata ƙararrawar ma, domin na rantse. Ta ce Allah ya san abin da ke tsakaninsa da ƙararrawa, ita fuskarsa ta tambaya. Na so in tsaya a nan. Amma ta san ni, ta ce saura me? Sai na faɗa mata abin da yake cewa idan an tsokane shi. A ranar ne na ga kukan da ta riƙe tun tana yarinya.

Yaya Usmanu ya cika maganarsa. Shekaru muka yi sai dai mu haɗu a jana'iza, kuma daga gidansa ne zancen kanisa ya fita ba tare da sauran labarin ba. Mun shirya kafin ya rasu, amma bai taɓa tambayata abin da na gani ba, ni ma ban tilasta masa ji ba.

Juma'ar da ta biyo baya na tura Inna Harami. Na nufi wajen da ta saba zama, sai ta dafa tayar keken.

"Auta, ta wane gefe ƙasar nan take?"

Na nuna mata kudu, ɓangaren Rukunul Yamani.

"To kai ni can."

Na ce mata can rana ta fi zafi, ga cunkoso. Ta ce in kai ta. Da muka isa ta sa na daidaita keken, na matsa dama, na dawo hagu kaɗan, har ta ce ya isa. Ta gyara mayafinta, ta waiga bayanta sau ɗaya kamar mai duba ko sahu ya cika.

"Yanzu yana bayana," in ji ta. "Tayar da salla."

Har ta rasu ba ta ƙara zama a wani gefe ba. Shi ya sa tun kuna yara nake jan ku zuwa can kuna ƙorafin rana, kuma can nake so ku riƙa tsayawa idan ba na nan.